Hannun da Inna Ta Saki

Zazzaɓi ne ya kai ni wani ɗakin gwaji a Garwa, ba wani babban ciwo ba. Ma'aikaciyar ta ɗaure mini dantse da roba, ta soka allura a hannuna na dama don ɗibar jini, sai na ji kamar wayar lantarki ta taɓa ni, tun daga gwiwar hannu har babban yatsa. Ta ce da Faransanci ai an gama, ta manna mini auduga. Zazzaɓin ya yi tafiyarsa, abin da allurar ta tayar kuwa ya samu wurin zama.

Abin haushin shi ne babu abin da zan nuna wa mutane. Ba kumburi, ba tabo. Amma ko hannun riga ya goge ni, sai in ji kamar an watsa mini barkono. Iskar fanka ma, a zafin nan na Garwa da kowa ke neman ta, ta zama abokiyar gabata. Likita ya ce jijiyar ce ta harzuƙa, taɓawa kaɗan take ɗauka a matsayin ciwo. Ya ba ni ƙwayoyi masu sa ni gyangyaɗi a rumfata ta kasuwa, ya ce wasu na warkewa da wuri, wasu na daɗewa. Bai ce mini ina cikin waɗanne ba.

A layinmu na 'yan atamfa na sha tsiya. Wai ƙato da gemu, allura ta kayar da shi. Wani ma, don tausayi, ya ce in je a yi mini wata allurar ta kashe ciwo. Na ajiye babur, don hannun dama ke ba shi wuta. Na koyi naɗe hannun riga, da kwana ta gefen hagu, da gaisawa da mutane hannuna a ƙirji. Duk wannan da sauƙi. Inna ce damuwata.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa jawo ni jikinta a gaban mutane ba. Alkunya ce, na sani, amma na girma da yunwar abin. Sai da idonta ya mutu, tana zaune wajen ƙanwata a unguwar Dugoi, can Marwa, sannan ta samu hujja. Da hannu take gane 'ya'yanta. In na durƙusa na gaishe ta, sai ta kama hannuna na dama, ta bi shi da yatsunta har gwiwa, ta matsa, ta riƙe shi a cinyarta har mu gama hira. Wai tana tabbatarwa ne. Ni da ita mun san ta gane ni tun daga sallama.

Zuwana na farko bayan allurar, na cije na miƙa mata. Yatsunta suka sauka daidai wurin. Ban san lokacin da na fizge ba. Hannunta ya tsaya a buɗe. Don in gyara, na miƙa mata na hagu, sai na ƙara ɓatawa: wa ke ba uwarsa hagu? Ƙanwata na ta yi mini ido. Dole na zauna na faɗa wa Inna komai, har da barkonon da fankar.

Ba ta yi dariya irin ta 'yan kasuwa ba. Ita kaɗai ce ta yarda da ni nan take, ba ta nemi ganin tabo ba. Ta daɗe tana yi mini addu'a, sannan ta cusa hannayenta cikin mayafi.

Na ɗauka na ranar ne kawai. Na koma bayan salla, hannuwan suna cikin mayafi. Na ce mata da sauƙi, ƙarya nake yi, ita ma ta sani. Na ɗora hannuna a gwiwarta, na ce ta riƙe a hankali, zan iya jurewa.

"Ɗauke, ɗan nan," in ji ta. "Ba ni zan fame maka ba."

Wallahi na gwammace ciwon. Na faɗa mata haka, ta yi kamar ba ta ji ba.

Har yau hannun bai daina ba, sai dai wata rana ya lafa, wata rana ya tashi. Ina zuwa Marwa yadda na saba, in zauna a bakin tabarmarta mu taɓa hira. Amma Inna ta tsufa, hirarta gajera ce, ni kuma ba mai yawan magana ba ne. In shirun ya yi tsawo, sai ta juya wajen ƙanwata ta tambaya a hankali:

"Yayanki ya tafi ne?"

Ina zaune kusa da ita, tazararmu ba ta kai kamu ɗaya ba.