Wayoyi Goma Sha Bakwai Marasa Lamba

Abdulra'uf Ja'afaru Siddiƙ, an haife shi ranar 9 ga watan Yuni, 1968, a wani gidan haya da ke bayan silimar Roxy a unguwar Adjamé ta birnin Abidjan. Mahaifinsa malamin allo ne, ya kuma so ƙwarai ɗansa ya gaje shi. Amma shi sai ya bi sawun yayansa Lurwanu, wanda ke aikin wutar lantarki.

A shekarar 1987 aka kira Lurwanu gyara a wani shago. Ya kashe wuta, ya buɗe akwatin da wayoyin shagon ke haɗuwa, ya tarar da su a cukurkuɗe, babu lamba, babu takardar bayani. Ashe ɗaya daga cikinsu ba ta bi ta makunnin da ya kashe ba. Da ya taɓa ta, bai sake magana ba. Har yau ba a san wanda ya haɗa akwatin nan ba. Tun daga ranar jana'izar Abdulra'uf ya ɗauki alkawari guda: duk akwatin da hannunsa ya haɗa, wanda zai buɗe shi bayansa zai koma gida da ƙafafunsa.

Matarsa Iklima ta fi kowa sanin nauyin wannan alkawari, domin rabinsa a hannunta yake. Tela ce a unguwar Belleville ta Treichville, a ƙetaren gada, inda suka zauna tun aurensu. A watannin farko ta same shi yana rubuta lambobi a kan 'yan zobban roba farare, waɗanda yake zura wa kowace waya a bakinta biyu. Ta ɗauki ɗaya, ta juya shi.

"Malam, wannan bakwai ce ko ɗaya?"

"Bakwai ce mana."

"To, Allah ya jiƙan wanda zai karanta. Da wannan tafiyar tsutsar za ka ceci bayin Allah?"

Ya yi dariya, ya tura mata alƙalamin. Tun daga lokacin ita ke rubuta lambobin, ita ke zana taswirar da ake mannawa a cikin murfin akwati, tana tara zobban a wani tsohon gwangwanin madara. Ta haka ta san abin da bai kamata mai aiki ya manta ba, ko da yake ba ta taɓa riƙe filaya ba. Ta san ana kashe babban makunni, a sa masa kwaɗo, a rataya makullin a wuya. Ta san ana auna kowace waya kafin yatsa ya kai gare ta. Abokan aikinsa suna kiransa Mai Kwaɗo, suna cewa kafin ya gama aune-aunensa wani ya gama aiki ya ci abinci. Masu gidaje da yawa sun daina kiransa saboda jinkiri. Waɗanda suka daure da shi kuwa, ba a taɓa jin gobara a gidajensu ba.

Da dogayen gine-gine suka yawaita a Abidjan, sana'ar ta sauya. Aka shigo da ƙananan na'urori da ake jerawa a cikin akwati, su riƙa kunna fitilun baranda da kansu, su tayar da famfon ruwa idan tanki ya yi ƙasa, su kashe na'urar sanyaya ɗaki idan ofis ya watse. Abdulra'uf ya haura shekara arba'in lokacin da ya zauna koyonsu, 'yarsu Rumaisa na karanta masa takardun da Faransanci mai wuya. Abin da ya riƙe daga karatun shi ne, irin wannan akwati wayoyi iri biyu ne a cikinsa: sirara masu ɗaukar saƙo, waɗanda ba sa cutarwa, da masu kauri masu ɗaukar wuta, waɗanda ke kisa. Dole kowane iri ya bi tasa hanya, dole kuma a iya bambanta su da kallo ɗaya.

A watan Maris na 2022 Alhaji Fatihu ya ba shi aiki. Alhajin ɗan kasuwa ne daga Kano, mai shigo da kaya, yana da gini mai hawa huɗu kusa da Kasuwar Guro: shaguna a ƙasa, ofisoshi da gidajen haya a sama. Akwatin ginin wayoyi sittin da huɗu ne za su shige shi. Ranar da za a haɗa su dole a ɗauke wa ginin wuta tun safe har la'asar. Abdulra'uf ya bi ƙofa ƙofa tun kwana biyu kafin ranar, ya gaya wa kowane mai haya, ya roƙe su kada wanda ya tayar da janareta. Kowa ya amsa da to.

A cikin masu shagunan ƙasa akwai Barira, gwauruwa mai sayar da kifi, wadda firjinta biyu ke cike da kayan da take raba wa matan kasuwa. A ginin da ke maƙwabtaka kuma akwai Usama, mai sayar da kayan waya, haifaffen Abidjan, mutum mai saurin taimako. Shi ba mai haya ba ne a gidan Alhaji, saboda haka babu wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. A layin nan akwai wata al'ada da kowa ke yabo: idan wutar maƙwabci ta ɗauke alhali taka tana nan, ba ka jira ya roƙa. Sai ka ɗauko doguwar waya mai kai biyu, ka soka kai ɗaya a bangonka, ɗayan a bangonsa.

Ranar aikin Talata ce. Da hantsi Iklima ta ga ya bar zobban sauran wayoyi goma sha bakwai a gwangwani, domin ba ta gama rubuta su ba lokacin da ya fita. Ta gama, ta zuba masa abinci a kwano, ta ɗauki gwangwanin, ta hau tasin haɗaka da ake kira woro-woro ta ƙetare gada zuwa Adjamé. Ta isa gab da azahar, rana tana dukan kwalta. A ƙofar shagon Barira ta tarar da Usama yana warware waya.

"Tanti, uwata, ki daina kuka da ido," yake ce wa Barira. "Tun safe babu kuran, an ɗauke muku wuta, kifin nan zai fara gaishe da mutane. Ga tawa, ki sha har yamma."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Kai kaɗai ka tuna da ni."

Iklima ta gaishe su, Barira ta tsokane ta cewa har yanzu amarci ake yi, ana bin miji da kwano. Suka yi dariya. Ita ma Iklima ta ce wa Usama sannu da ƙoƙari. Wannan kalma ta daɗe tana ci mata rai, domin da idonta ta ga wayar, kuma ba ta kawo komai a ranta ba.

Sai da ta shiga lungun da ke kaiwa ɗakin akwati ta ga fitilar saman bene tana ci. Ta tsaya. Makullin kwaɗon yana wuyan mijinta, ita ta ga ya rataya shi da safe, bai kamata a ga haske ko ɗaya a ginin nan ba. Wutar Usama ba ta tsaya a firjin Barira ba. Ta bi bango, ta koma da baya har cikin akwatin da aka auna tun safe aka tabbatar babu komai a cikinsa. Iklima ta saki kwanon, ta ruga tana kiran sunansa na yanka, abin da ba ta taɓa yi ba tun aurensu.

Ta same shi a ƙasa, hannunsa na dama a ƙone. Ba ta taɓa shi ba, domin shi ya koya mata haka. Ta juya da gudu, ta fizge wayar daga bangon Barira, sannan ta dawo kansa.

Ya rayu. Ya yi mako biyar a asibiti a Treichville, ya fito yatsunsa uku a lanƙwashe, zuciyarsa kuma ba ta ƙara bugawa daidai ba. Alhaji Fatihu ya tsaya a kan jinyar tun daga farko har ƙarshe, wannan kowa ya shaida. Amma masu haya sun tasa shi gaba, don haka tun kwana na biyu ya kira wani ma'aikaci ya rufe aikin. Mutumin ya haɗa sauran wayoyin cikin awa uku, fitilu suka kama, famfo ya tashi, kowa ya ce madalla. Bai sa lamba ko ɗaya ba.

Usama ya zo gidan ranar da aka sallamo Abdulra'uf, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya kasa shiga.

"Yako, Baba, sannu da jiki. Wallahi ban san kana ciki ba. Na sare wayar nan gida huɗu."

"Tashi, Usama. Kifin ya tsira?"

"Baba, don Allah."

"Tambayarka nake. Idan ya tsira, ai an rage asara. Shigo ka gaya mini abu ɗaya: ka leƙa akwatin?"

Ashe Usama ya riga ya leƙa, ya kuma ɗauko hoto a wayarsa. Abdulra'uf ya daɗe yana duban hoton. Wayoyi arba'in da bakwai suna nan a jere da lambobinsu, da rubutun Iklima. Sauran goma sha bakwai an cusa su duk inda suka shiga, sirara da masu kauri a rami ɗaya, har an yi amfani da koriyar waya, wadda kowane ma'aikaci ya sani ta kariya ce, a inda wuta ke bi. A murfin kuwa ga taswirarsa da sa hannunsa. Duk wanda ya buɗe ya ga sunan Mai Kwaɗo zai saki jiki. Abin da ya hana shi sukuni ke nan, fiye da hannun.

Rabin yini kawai yake nema. A ɗauke wuta, ya tsaya ya nuna, wani ya auna, Iklima ta zura zobba, a kuma sa na'urar da za ta hana wutar waje komowa cikin akwatin. Sau shida Iklima ta raka shi ofishin Alhaji.

"Malam Abdu, ka tausaya wa kanka," in ji Alhajin. "Abu yana aiki lafiya lau. Ni da na kusa rasa ka a gidan nan, in sake tura ka ɗakin? Me zan ce wa Malama?"

"Alhaji, ga Malamar nan a zaune, ita ta riƙo gwangwanin."

"To, bari a yi sallah. Yanzu in na ce zan ɗauke wuta, mutanen sama za su cinye ni ɗanye."

Aka yi sallah, aka ce sai an dawo daga tafiya. Aka dawo, aka ce sai masu ofis sun tafi hutu. Iklima ta lura Alhajin ba ya iya duban hannun mijinta, kuma duk lokacin da suka zo sai ya cika su da tsaraba, ya rako su har bakin titi da sauri. Ba mugu ba ne. Kunya ce ta hana shi son a sake ambaton ɗakin. Abdulra'uf ya roƙa a bar shi ya cire taswirar kawai, ko ya rubuta gargaɗi a murfin, aka ce makullin ɗakin yana hannun mai gadi, mai gadi kuma ya ce sai da izinin Alhaji.

Shekara biyu aka yi a haka. Ya daina fita aiki. Yakan zauna kusa da keken ɗinkin Iklima, hoton da aka wanko masa a hannunsa na hagu, yana ƙoƙarin gane inda kowace waya ta nufa, amma hoto ba ya nuna abin da ke cikin bango. Idan ya ji an ce wuta ta kama wani a Adjamé, ba ya cin abinci sai an gaya masa sunan layin.

A ƙarshe Barira ce ta yi abin da ya gagare su. Ta shiga ofishin Alhaji ba sallama mai tsawo, ta ce ita za ta kwashe kifinta ta kai firjin wata ƙawarta, ta kuma bi masu haya ɗaya bayan ɗaya har suka yarda. Aka sa ranar Lahadi, 12 ga Mayu, 2024. Usama ya ce shi zai tsaya a bakin layi tun safe, kada wani mai kirki ya zo da waya. Abdulra'uf ya sa Iklima ta sake rubuta lambobin, domin tawadar ta dusashe. Ya shafa wa kwaɗonsa mai.

Ranar Alhamis, bayan sallar la'asar, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kishingiɗa. Kafin Rumaisa ta samo mota ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Lahadin ta zo ana zaman makoki, babu wanda ya ɗauke wuta. Da Iklima ta fita takaba ta koma ofishin da gwangwanin, sai ta tarar Alhaji ya koma Kano, ginin yana hannun wakili wanda bai san zancen ba. Ya saurare ta da ladabi, ya ce babu abin da ya lalace, idan ya lalace za a kira ma'aikaci.

Akwatin yana nan a ƙarshen lungun, fitilu suna kunna kansu da magariba, famfo yana tashi a kan lokaci. Taswirar tana manne a murfi da sa hannun Abdulra'uf, layuka goma sha bakwai na ƙasa babu komai a cikinsu. Zobban kuma suna cikin gwangwanin madara a kan keken Iklima, daga lamba arba'in da takwas zuwa sittin da huɗu.