Salansar Alhaji Ɗayyabu da Jaririn Tungar Maje

Ruwaya biyu ake yi game da abin da ya faru a fadamar Tungar Maje a daminar bana. Ta farko ta mutanen ƙauyen ce, wadda ta ɗora laifin a kan aljanu. Ta biyu ta Alhaji Ɗayyabu ce, mai motar.

Ta biyun na ɗauka. Ita ce kaɗai ta bar mai ba da ita da laifi, kuma ba a saba ganin mutum ya ƙagi abin da zai zubar masa da mutunci ba. Ban tsaya nan ba, na durƙusa na leƙa ƙarƙashin motar da idona. Ya kuma ba ni izinin ambaton sunansa.

Wata rana, gab da faɗuwar damina, Alhaji Ɗayyabu ya kai jif ɗinsa gareji. Fataucin riɗi yake yi, kuma ƙauyukan da yake shiga ba su san kwalta ba. Kokensa ɗaya ne: salansa tana yawan bugun dutse da kunyoyin gona, motar kuma tana nauyi a cikin yashi.

Bakanike ya leƙa, ya miƙe yana karkaɗe hannu.

"Alhaji, ai shaƙe ta aka yi. A cire indomin nan, a datse bututun, ka ga yadda za ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya."

Indomi shi ne sunan da makanikai suka ba wani abu mai kama da saƙar zuma da ke cikin bututun salansa. Aikinsa rage gubar hayaƙi kafin ya fita.

Aka cire shi. Aka datse bututun, maimakon ya kai har bayan mota sai ya ƙare a ƙarƙashin kujerar baya, daidai inda tsatsa ta riga ta huda ƙasan motar.

Motar ta sami ƙarfi, ta kuma sami murya. Tun daga kwanar kasuwa ake sanin Alhaji ne tafe. Mu da muke zama a majalisarsa mun yaba, har muna ce mata zakanya.

Mutum ɗaya ce ba ta yaba ba, uwargidansa Hajiya Saude. Duk lokacin da ta zauna a baya sai ta sauka da ciwon kai da jiri. Ta faɗa masa ba sau ɗaya ba.

Ya ce hanya ce, ba mota ba.

Cikin watan Agusta, Haladu, wanda ke tara masa riɗi a Tungar Maje, ya kawo matarsa Kubura asibitin gari da naƙuda mai wuya. Allah Ya sauke ta lafiya, ta haifi namiji, ɗansu na fari. Da aka sallame su babu motar da za ta iya ratsa fadama sai ta Alhaji, shi kuma ya ce da kansa zai kai su.

Haladu ya zauna gaba. Kubura da jariri da mahaifiyar Haladu, Goggo Tabawa, suka zauna baya.

Ana yayyafi. Kafin su fita gari Goggo ta taɓa kafaɗar Alhaji.

"Ɗan nan, ɗaga gilasan nan duka. Mai jego ce, ɗanyen jiki gare ta. In iska ta shige ta, kai za ka yi jinya?"

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Goggo, ni da ko ruwan zafi ban iya dafawa ba?" Ya ɗaga gilasan. Goggo ta ƙara da cusa zane a inda gilashi ɗaya bai rufu sosai ba.

Ba ta yi laifi ba. Abin da kowace kaka za ta yi ke nan a ƙasar nan.

A tsakiyar fadama motar ta kafe. Tayoyi suka nutse, cikinta ya zauna a kan taɓo.

Batirin motar ya yi sanyi, in aka kashe ta sai da turi, a cikin taɓo kuwa babu turi. Saboda haka Alhaji ya bar injin yana aiki. Shi da Haladu suka fita, suka rufe ƙofofi don kada ruwa ya jiƙa mai jego, suka tafi neman manoma da itatuwan da za a shimfiɗa.

Hayaƙin da taɓo ya toshe wa hanya bai sami mafita ba sai ta hudojin nan na ƙasan mota.

Da aka fitar da motar, Haladu ya buɗe ƙofar baya yana cewa, "Goggo, an fita!"

Ba wanda ya amsa.

Goggo ta langaɓe a jikin gilashi. Kan Kubura ya faɗi a ƙirjinta. Jaririn yana cinyarta, ba kuka, ba motsi.

Manoman suka ja da baya suna a'uziyya. Dama fadamar tana da suna a bakinsu.

Alhaji ya ce mini, warin da ya bugi hancinsa a lokacin ya gaya masa komai, kuma muryar Hajiya Saude ce ta fara faɗo masa a rai.

Ya fizgi jaririn ya fitar da shi cikin iska. Aka ciro matan aka kwantar a kan ciyawa har suka fara motsi. Sannan Alhaji ya sauke gilasai duka, aka mayar da matan da jaririn ciki, ya juya motar, ya koma asibiti da gudun da bai taɓa yi ba.

Aka sa wa su ukun iskar oksijin. Matan suka dawo hayyacinsu a ranar. Jaririn sai washegari ya yi kuka mai ƙarfi.

Likita ya ja Alhaji gefe, tunda shi ne direba, ya tambaye shi ko injin yana aiki lokacin da suke ciki. Ya amsa da gaskiya. Likitan ya gaya masa hayaƙin motar ne ya sumar da su, ya kuma ɗauka Alhaji zai yi wa iyalin bayani.

Bai yi ba.

A Tungar Maje kuwa labari ya riga ya zauna: aljanun fadama sun taɓa mai jego da ɗanta, Allah Ya kawo Alhaji Ɗayyabu ya ƙwace su. Duk wanda ya gan shi sai ya riƙe hannunsa yana sa albarka. Yana amsawa da amin, abinci kuma ya daina shiga cikinsa.

Ranar suna ya roƙe ni in raka shi. A motar haya muka je, muka ƙarasa da ƙafa. A lokacin ban san dalili ba.

Muna zaune a ƙofar gida da safe, an raba goro da dabino, sai Alhaji ya hangi hayaƙi yana fita ta saman ɗakin mai jego. Ya tambayi Haladu ko girki ake yi a ciki.

Haladu ya ce a'a, turaren tsari ne Goggo ta karɓo. Ana zuba shi a kaskon garwashi safe da yamma, a rufe ƙofa, don abin da ya biyo su daga fadama ya fita. Sannan ya sunkuyo yana murmushi.

"Alhaji, sunanka za a sa masa. Ba don kai ba, da uku muka binne."

"Haladu, ba don ni ba, da ba su suma ba. A fitar da kaskon nan yanzu."



Alhaji ya miƙe tsaye, ya cire hularsa, ya faɗi komai. Indomin da aka cire, bututun da aka datse, ciwon kan matarsa da ya yi watsi da shi, injin da ya bari yana aiki, da shirun da ya yi bayan likita ya gaya masa. Bai rage wa kansa ko ɗaya ba.

Wata mata ta fito da kaskon, aka kife shi a bayan gida, aka buɗe ƙofar ɗakin da tagarsa. Muna jin tarin jaririn daga inda muke zaune.

 Liman yana jiran sunan da zai raɗa. Haladu ya ɗago kai, idanunsa jajir.

"Na yafe maka, Alhaji. Amma ka bar ni in sa masa sunan mahaifina."

Aka raɗa wa yaro suna Mamuda. Alhaji ya shafa fatiha tare da kowa. Goron da aka ba shi yana hannunsa har muka iso gari, bai ci ba.

Yaron yana nan da rai, yana shan nono. Likita ya ce sai an ga zamansa da tafiyarsa da maganarsa kafin a tabbatar hayaƙin bai bar masa komai ba. Alhaji ya mayar da salansar yadda take a da, ya sa an yi wa hudojin walda. Duk ranar kasuwar Tungar Maje sai ya aika a tambayo masa ko Mamuda yana bin hannu da ido.

Darasi: Abin da aka sa a mota don ya tsare numfashin mutane, kada ka cire shi don ƙarfi ko don ƙara. Kada ka bar mutum a cikin mota a rufe injin yana aiki. In na kusa da kai ya ce wani abu yana cutar da shi, ka duba kafin ka musa. In kuma laifin naka ne, kada ka bari a ɗora wa aljanu, domin maganin da za a nemo zai iya ƙarasa abin da ka fara.

In kana da ɗan'uwa mai mota, ko bakanike, ko gidan da ake jego, ka tura masa wannan tun yau.

Waɗanda suka halarci zaman sunan suka ji maganar Alhaji Ɗayyabu da kunnuwansu: Liman Malam Tasi'u, Mai Unguwa Lawandi, Haladu uban yaro, ƙanensa Sallau, Malam Mati wanzami, Goggo Tabawa daga bayan zana, da ni, Balarabe Sambo.