Sarkin da Kaka Ba Ta Faɗin Sunansa

Kakata ta wajen uba ba ta yin tatsuniyar kura da zomo irin ta sauran tsofaffin unguwarmu. Ta ce waɗannan na masu ƙaramin tsakar gida ne. Ita tatsuniya guda gare ta, doguwa, kuma ba ta buɗe ta sai ranar da ayarin Bilma ya tashi daga Agadas da babanmu a ciki.

Babanmu ƙaramin ɗan kasuwa ne mai ƴan raƙumansa. In sanyi ya kama sai ya ɗora musu hatsi, ya shiga ayarin Buzaye, su keta hamadar Tenere, su dawo da kantun gishiri da dabino. Shi ne ɗan farin Kaka, kuma wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta kiran sunansa. Ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta ma yarda ido ya kama ta tana kallonsa. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan", ko "mai dogon wuyan nan". Ranar tafiya yakan durƙusa a ƙofar ɗakinta ya yi sallama, ita kuwa ta ci gaba da saƙar faifanta, ta ce wa bango, "Allah shi kiyaye." Ni da nake yaro na daɗe ina zaton ba ta son shi, har ina jin haushinta a kan haka.

Da an yi sallar magariba an ci abin da aka samu, sai mu kewaye murhu, ni da yayata Hajo. Innarmu tana gefe tana ƴan aikace-aikacenta, wai ita ba ta saurare. Itace ya yi tsada, yawanci kashin raƙumi muke hurawa, hayaƙinsa ya kama tufafinmu har a lakwal, wato makaranta, ana yi mana tsiya. Kaka ta miƙe ƙafafu, ta ɗaga kai sama ta ce, "Ga ta can bisa, ga ta nan ƙasa." Mu ce, "Ta sauko mu hau."

Wai an yi wani sarki da rijiyoyin ƙasarsa suka ƙafe. Sai ya ɗaure wa raƙumansa kaya, ya hau dutsen Bagazam, inda sama ta fi kusa da ƙasa, ya ja akala ya taka iska. Tauraron farko da ya sauka duk jan gishiri ne. Na biyu mutanensa ba su da baki, da hanci suke gaisawa, sai da sarki ya yi kwana da kwanaki yana koyon shaƙar sannu kafin su yi masa mubaya'a. Akwai tauraron da dabinonsa ke da nauyi har sai an ɗora ƙwaya guda a kan jaki. Akwai wanda sarauniyarsa ta ƙi buɗe ƙofa sai an yi yaƙi. Duk inda ya ci, sai ya haƙa rijiya, ya naɗa hakimi, ya hura wuta ya bar ta tana ci don ya gane hanyar komawa. Wutar zangunansa ce muke gani muna cewa taurari.

Daɗin abin shi ne da mu ake mulkin. Kaka takan tsaya ta juyo gare ni, da yake wasan jika da kaka ya sa ni ne maigidanta, ta ce, "To, Maigida, ga hanya biyu. Ga tauraro mai ƙarfe amma babu ruwa, ga mai ruwa amma mutanensa mayaƙa ne. Ina za mu?" Ni kullum yaƙi nake zaɓa. Hajo kullum tambayarta ita ce salkunan ruwa nawa suka rage. In na yi gaggawa Kaka ta kashe mini rabin rundunar ba tausayi, ta ce, "Maigidan banza, wa ke ciyar da mayaƙan naka, iska?" In barci ya fara ɗaukarmu sai ta ce, "Na durƙusar da ita a nan, kowa ya kwance kayansa."

Sau da yawa na tambaye ta sunan sarkin. Ta ce sarakunan sama ba a kiran sunansu.

A shekarun lafiya tatsuniyar tana da iyaka. Sarki ya yi ta ci gaba, har wani dare Kaka ta ce ya juya akala. Daga nan kullum sai ya sauko tauraro guda, yana karɓar gaisuwar hakimansa, kuma bai taɓa kuskuren isowa gida da fiye da kwana ɗaya ko biyu kafin mu ji kukan raƙuma a ƙofarmu ba. Hajo ta gane tun tuni cewa zangunan Baba ne tsohuwar ke ƙirgawa a sama, wato can kaɗai take da izinin bin ɗanta. Ni ban gane komai ba. Juyowar sarki ma baƙin ciki take sa ni, don an daina cin ƙasa.

Sai shekarar fari ta zo, ina aji uku. Sojoji ke mulki a lokacin, manya in za su yi maganar hatsi sai sun rage murya sun waiga. Kamiyon soja, babbar motar kaya, ke kawo jar dawa ta taimako, Inna ta yini a layi ta dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Mutanen daji sun sauko sun kafa bukkoki a bayan gari, ba akuya ba raƙumi, manyan mutane masu rawani suna zaune hannu sake. Ayari ba ya shiga Tenere sai da damman ciyawar da raƙuma za su ci zuwa da dawowa, a shekarar kuwa ciyawar ce babu. Yawancin mutane sun fasa. Wani ɗan ƙaramin ayari ne ya ce zai gwada.

Na ji Inna tana roƙon Baba a ɗaki kada ya tafi. Ya ce, "In na zamna, a gabanmu raƙuman ga za su mutu, mu bi su. In na tahi, ko kantu kaɗan na kawo mun ga damina." Da safe ya durƙusa a ƙofar Kaka. Ta ce wa bango abin da ta saba cewa. Sai dai na lura ranar ta yi ta saƙa tana warwarewa.

Tatsuniyar shekarar ta fi ta kowace shekara, kuma har yau ina jin ciwon faɗin haka. Lokacin juyowa ya yi, sarki ya juya, ya sauko, ya sauko, har ya iso kan Bagazam. Ba mu ji kukan raƙumi ba. Muka kwana, muka sake kwana. Sai Kaka ta ce wai ɗan aike ya cim ma sarki da labarin wani tauraro can bayan Kaza da Ƴaƴanta wanda ba a taɓa takawa ba, sarki ya ce ba zai shiga gida ya bar shi ba. Na yi tsalle har na kusa faɗawa wuta.

Daga nan daula ta yi ta faɗi. Muka ci taurarin gabas, muka ɗaure aure da na arewa, muka gina ganuwa a kan Gamzaki. Cikina babu komai sai kunun jar dawa, amma ina zuwa lakwal ina yi wa yara alfahari da ƙasar da ta fi ta kowa. Hajo ta daina tambayar salkuna, ta daina zaɓar hanya, sai ta zauna ta zuba wa wuta ido. Inna kuwa ta matso da tabarmarta kusa, ta bar yin kamar ba ta ji.

Zafi ya fara shigowa lokacin da wani Buzu mai suna Aghali, abokin tafiyar Baba, ya yi sallama a zaure. Ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Ya ce a hanyar dawowa sun tarar da rijiyar da suka dogara da ita yashi ya cinye ta, raƙuma suna faɗuwa. Baba da wasu mutum biyu suka ɗauki waɗanda ke da sauran ƙarfi suka yi gaba neman ruwa. Waɗanda suka tsaya wata mota ce ta tsince su. Waɗanda suka yi gaba ba a sake ganinsu ba, ba gawa, ba sawu.

Da yake ba gawa, sai aka ce a jira. A daren nan ma Kaka ta ce, "Ga ta can bisa." An gaya mini Baba ya yi jinkiri ne, ni kuma na yarda, don ga Kaka nan ko a jikinta. Ta ci gaba da ƙirƙiro taurari, amma sun fara kama da juna, kuma kowanne abin da ake nema a cikinsa ruwa ne. Har na yi mata ƙorafi cewa an daɗe ba a yi yaƙi ba.

Da aka gaji da jira, malamai suka yanke, aka sa ranar addu'a. Gida ya cika da mata masu gaisuwa. Inna tana ɗaki, an ce ta shiga takaba. Kaka tana zaune a kan tabarma, ido a bushe, duk wadda ta yi mata ta'aziyya sai ta ce, "Ku yi wa matarsa da ɗiyansa, ni mi ne nawa?" Na ji mata suna yaba ta a zaure, wai tsohuwar nan akwai kara. Ni an ce mini Baba ya rasu, na ji da kunnena, amma maganar ba ta shiga ba.

Da magariba kowa ya watse. Na zo na zauna a gurbina na ce, "Kaka, ba a yi yau?" Hajo ta mintsine ni. Sai Kaka ta fara, ba tare da buɗewar da ta saba ba.

Ta ce sarki ya iso wani tauraro da ba mayaƙa ba ganuwa. Ruwa ne kawai, shimfiɗe, mai sanyi, ba sai an jefa guga ba. Raƙuma suka durƙusa da kansu. Sarki ya cire rawani, ya wanke fuska, ya wanke ƙafafunsa da suka tsattsage. "Ya sha," in ji ta. "Ya sha, ya sha, har ya ƙoshi. Ya samu inuwa ya kwanta."

Na ce, "To gobe sai wane tauraro?"

Ta ce, "Babu gobe, Maigida. Attahiru ya gaji."

Sunan Baba ne, ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ta faɗe shi a hankali, har da ɗan in'ina, kamar mai ɗanɗana abincin da aka hana ta shekara arba'in. Daga ɗaki muka ji kukan Inna ya tsinke. A lokacin ne maganar ta shiga, na gane ubana ya mutu da ƙishirwa, na gane kuma wace ce ta fi kowa son shi a gidan. Kaka ba ta sake yin tatsuniya ba, kuma ba ta ga sanyi biyu bayan wannan ba.

Yanzu na ajiye alli bayan shekarun da na yi ina mushen lakwal, wato malamin makaranta, gemuna ya yi fari. Babban ɗana, wanda muke kira Abba, yana aiki a Cirozerin, yakan zo ƙarshen sati da ordinatar, wato kwamfuta, a jaka. Wata Asabar na same shi a zaure ya ƙura mata ido, na leƙa, sai ga taurari birjik. Wai wasa ne. Ana ba ka duniya guda, ka gina kumbuna, ka aika su cikin duhu su gano wasu duniyoyin, ka zuba mutane, ka haƙo ƙarfe, ka ƙulla amana da wasu halittu ko ka yaƙe su, har sararin ya zama naka. Na ce ƙato da kai, mai mata da ɗiya, kana wasan yara. Ban tashi daga wurin ba sai da aka kira la'asar, kuma a lokacin ni ke ba da umarni. Halina na nan, yaƙi na yi ta zaɓa.

Akwai wani ɗan kumbo da ba ya ɗauke da makami, aikinsa shiga gaba ya duba hanya. Na ce a tura shi can wani lungu da ba a taɓa zuwa ba. Abba ya ce akwai haɗari, na ce a tura. Ya tafi, ya tafi, sai wani ɗan rubutu ya fito a gefe da Faransanci, wai an daina jin ɗuriyarsa. Shi ke nan, wasa ya ci gaba.

Na daɗe ina ɗaukar darasin Kaka a kan cewa mai yawan ci gaba ba ya komawa gida, har na sha gaya wa ɗalibaina haka. A zauren nan na ga ba wa'azi take yi ba. Ba ta da ikon zuwa nemansa, ba ta da izinin yin kuka. Abin da ke hannunta kawai shi ne ta ƙara masa tauraro guda kowane dare, don muddin akwai na gaba, yana raye.

Abba ya ga fuskata ya yi dariya. "Baba, c'est rien, kar ka damu. Akwai sauvegarde, wasan yana ajiye inda muka tsaya ɗazu. Sai mu koma baya."

Ya danna wani wuri. Fuskar ordinatar ta yi duhu, ta sake haske. Ga ɗan kumbon nan a bakin duniyarmu, lafiya lau, da mutanensa a ciki, bai riga ya tashi ba.

Na ce, "Haka kawai?"

Ya ce, "Haka kawai. Yanzu ina za mu tura shi?"

Na ce, "Bar shi nan. Kar ka tura shi ko'ina."

Ya ce ai in ba a tura shi ba wasan ba ya tafiya. Na ce na sani, ya dai ba ni ɗan lokaci in dube shi.