Ranar da Baba ya ci kifi a Burano

Ana idar da sallar asuba muka bar Haɗejia, ni da Baba, muka kama hanyar Kano. Daga can muka hau jirgi zuwa Italiya, inda yayana yake aiki. Shi ya samar wa Baba asibitin da za a yi masa aikin ciki. Aikin ya yi kyau, alhamdu lillahi, sai dai Baba ya ƙi cin abinci. Ya rame, ya daina hira, likita kuma ya ce ba zai bar shi ya yi doguwar tafiya ba sai ya yi ƙarfi.

Yayana ne ya ce mu kai shi Venice ya sha iska. Ni ban so ba, na fi son ya kwanta ya huta. Amma ya fi ni baki.

Muna fitowa daga tashar jirgin ƙasa sai ruwa. Babu mota, babu ko ɗan acaɓa. Gidaje tsaye a cikin ruwa kamar ambaliya ta zo ta ƙi komawa, mutanen garin kuwa ko a jikinsu. Baba, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana su a Auyo, ya daɗe yana kallon wani mutum da ke tuƙa dogon baƙin kwalekwale a tsaye.

"Wannan ya san ruwa," in ji shi. "Dubi yadda ya kafa ƙafarsa."

Rabon da in ji ya yi magana haka tun kafin aikin.

Mun tambayi kuɗin hawa kwalekwalen, da muka ji muka yi godiya, muka shiga jirgin haya na kowa da kowa. Mun leƙa babban dandalinsu, tattabaru sun fi mutane yawa. A tsibirin Murano mun ga ana hura narkakken gilashi ya zama tulu. Baba ya ce maƙera ne kawai masu tsafta.

Daga nan muka wuce tsibirin Burano, ƙauyen masunta ne, kowane gida da kalar fentinsa. A bakin ruwa wani tsoho yana gyaran komar kamun kifi. Baba ya ja ƙafa ya zauna kusa da shi. Babu mai jin yaren wani, amma Baba ya karɓi zaren ya nuna masa irin ƙullinmu, tsohon ya nuna nasu, suna ta gyaɗa kai. Tsohon ne ya nuna mana inda za mu ci abinci. Aka kawo ƙananan kifaye soyayyu da wani abu mai kama da tuwon masara. Baba ya ɗanɗana, ya ce babu yaji. Na zaro wanda nake yawo da shi a jaka. Ya cinye tas, ya sa hannu a farantina. Na kau da kai don kada ya ga hawayena.

Bayan kwana goma likita ya sallame mu. Yanzu kullum da la'asar Baba yana ƙofar gida yana ba maƙwabta labarin garin da ba a gudun ruwa, suna ƙaryata shi, yana kirana shaida. Ni kuwa na gane cewa ina ta tsare shi a ɗaki ina kallonsa a matsayin majinyaci, na manta mutumin yana da abin da ya iya. Jiya ya aike ni kasuwa in sayo masa zaren koma.