Burgun da Ya Sace Mini Haƙora

Na fi shekara goma ina sanye da haƙoran roba a sama, kuma duk Wurno matata kaɗai ta sani. A Kumasi aka yi mini su, zamanin da nake kai albasa da tafarnuwa kurmi. Da na aje tafiye-tafiye na dawo gida, sai suka zame mini abin yabo. A majalisarmu ta bayan la'asar tsarana duk sun koma fura da kunu, ni kuwa ina ɓantarar goro ƙaras-ƙaras. In aka tambaye ni sirrin, sai in ce asuwaki ne. Asuwakin ina yi, gaskiya ne, amma a hannu nake riƙe haƙoran ina goge su.

Wata asuba, bayan an gama shigar da gero rumbu, na miƙa hannu cikin kwanon da nake aje su, na ji wayam. Na kakkaɓe tabarma, na leƙa ƙarƙashin gado, na juye takalma. Na kira matata Hajiya, muryata tana fita kamar ta wani tsoho da ban sani ba.

"Alhaji, mi as same ka?"

Na nuna mata bakina. Ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

"Dariya kika yi?"

"Wa? Ni? Tari nika yi."

Kusu, wanda mutanen Kano ke ce wa ɓera, mun saba da shi. Kyanwarmu ta ishe su. Amma kusu ba ya iya jan haƙoran mutum. Hajiya ta barbaɗa toka daga ƙofar ɗaki har tsakar gida, ta ce mu jira. Washegari ga sawu manya-manya, ga layin wutsiya a tsakiya kamar an ja igiya, sun miƙe har gindin rumbu. Burgu ne.

Na san dabbar nan a ƙasashe da dama. Yarabawa suna ce masa okete, mutanen Kumasi kusiye, sunan da kullum yake tuna mini da kusunmu. Can na ga ana ƙyafe shi ana sayarwa a bakin titi, mai saye har yana duba ƙiba. A Jidda na zauna wata uku ban ji ko labarinsa ba. Mu nan ba mu ɗauke shi nama ba, ɓarawo muka ɗauke shi, don duk abin da ya iya ɗauka sai ya kai rami, ko yana ci ko ba ya ci.

Na ɗauko fartanya, Hajiya ta tare ni. Ta ce in na yi haƙa a wurin da ban sani ba, rumbun zai zauna da geron shekara a ciki. Mutum ɗaya ta sani da ya iya fitar da burgu ba tare da ya taɓa gini ba: taubashina na Rimawa, ɗan kawuna, wanda tun muna yara bai taɓa ganin abin tsokana a jikina ya ƙyale ba.

Kwana uku na ƙi. Na naɗe baki da rawani na ce mura nake. Na bar majalisa. A masallaci ina amsa gaisuwa da kai. A rana ta huɗu Hajiya ta aje mini kunu karo na goma sha biyu, na dube shi, na ce ta kira shi a waya.

Ya iso da hantsi a kan babur, da buhun ƙaiƙayi da busasshen barkono.

"Ina bawan nawa? An ce burgu ya yi maka sata. Mi yaɗ ɗauka?"

"Wani ɗan abu," na ce ta cikin rawani.

"Wane abu? Ɗan abu ba ya sa a kira ni tun daga Rimawa."

"Kai dai yi aikinka."

Ya zagaya rumbun yana buga ƙasa da dunduniya, ya gano ƙofofin ramin uku, ɗaya har bayan katanga. Ya toshe ta tsakiya da laka, ya cusa ƙaiƙayi da barkono a ta gindin rumbu, ya kunna, ya miƙo mini mafici. Ni da na taɓa ciniki da harshe biyar, ga ni durƙushe ina yi wa rami fifita. Hayaƙin ya juyo kaina. Na yi atishawa guda mai ƙarfi, rawanin ya zame.

Taubashina ya dubi bakina. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya zauna daɓas a ƙasa.

"La'ilaha illallahu! Asuwaki! Hajiya, zo ki ga asuwaki!"

Burgun ya fice ta bayan katanga ya yi fadama, babu wanda ya ko bi shi da ido. Da hayaƙi ya lafa, taubashina ya zura hannu har kafaɗa yana fiddo kaya: cokula biyu, sabulu rabi, ɗan kunnen da Hajiya ta daɗe da haƙura da shi, murfin biro, wake kusan tiya. Can ƙarshe ya ɗago haƙorana sama, sun yi baƙi da hayaƙi, suna yi mana murmushi. A nan ni ma dariya ta ƙwace mini, da dasashi fili, har hawaye.

Na roƙe shi ya rufa mini asiri. Ya rantse zai gaya wa mutum ɗaya tak. Ya zaɓi mai shayin bakin kasuwa.

Ranar da na koma majalisa na sha abin da na sha. Wani ya miƙo mini goro ya ce in fasa masa, tunda na burgu sun fi nasa ƙwari. Na fasa, na ba shi rabi.

Bayan kwana biyu, ina zaure, wanda ya girme mu duka a majalisa ya yi sallama, ya zauna, ya yi ta zancen farashin taki. Da zai tashi ya waiga ko da mai ji, ya rage murya.

"Alhaji, abin nan naka, dole sai Kumasi? Ba a yi nai Sakkwato?"

Na ce ana yi. Kafin mako ya ƙare mu huɗu muka cika gidan baya na mota zuwa birni, ni ne jagora, su uku suna ta gardamar abin da kowa zai fara tauna.