Tayil Ɗari Huɗu a Bayan Madubi

Idan ka shiga katafaren kantin nan na kan tudu, inda ake ajiye jakar hannu ɗaya tal cikin akwatin gilashi ita da fitilarta, daɓen da kake ganin fuskarka a ciki aikin Baba Tayil ne. Shekara ashirin da biyu yana tura injin goge ƙasa. Kamfanin yana da rassa uku a birane uku, kuma duk ya goge su: shekara tara a na babban birni, biyar a na bakin kogi, takwas a nan.

Sunan nan ba a banza ya samo shi ba. Duk tayil ɗin da injinsa ya hau sai ya ƙirga shi a zuci, kuma iri ɗaya kamfanin ke shimfiɗawa ko'ina. 'Yan matan sashen turare kan tsokane shi: "Baba, yau sun cika ko ɗaya ya gudu?" Sai ya ce, "Ku dai ku daina ɗiga mini mai a ƙasa, ja'irai."

Ranar da takarda ta zo daga hedkwata, dariya ta ƙare. Za a rufe reshen da ya fi ƙanƙanta, za a kuma turo mai awo ta tabbatar. A takarda, na kan tudu ne ƙarami. Mutum arba'in da uku ke ci daga wannan kanti.

Baba Tayil kuwa ya san lissafin. Na bakin kogi tayil dubu shida da ɗari biyu ne. Na nan, abin da ido ke gani, dubu biyar da ɗari tara. To amma a bayan dogon madubin sashen takalma akwai wani fili. Watan da ya fara aiki a nan, rufin wajen ya yi yoyo, manajan lokacin ya sa aka toshe da katako aka manna madubi. Manajoji uku sun wuce, an sake zanen ginin, kowa ya manta. Shi kuwa ya goge wajen sau biyu kafin a rufe, kuma ɗari huɗu ne cif. In aka haɗa, na kan tudu ya ɗara na bakin kogi da ɗari.

A na bakin kogi kuwa autarsa take aiki, a sashen agogo. Da ƙyar ta samu, kuma ita kaɗai ke riƙe da 'ya'yanta biyu tun rasuwar mijinta. Kai, wannan wane irin tsaka mai wuya ne! Gaba kura, baya sayaki.

Mai awon ta iso ranar Laraba da hantsi, mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ɗora 'yar na'urarta a bango, jan haske ya tsallaka zuwa wancan bangon, ta rubuta. Manaja na biye da ita yana share gumi, alhali sanyin na'urar sanyaya ɗaki har cikin ƙashi. Mai gadi ya bar ƙofa yana leƙe. Tela mai rage tsawon wanduna, wanda matarsa ke da tsohon ciki, ya fito da allura a baki ya manta da ita.

Hawa na ɗaya, na biyu, ga su a sashen takalma. Baba Tayil na can gefe, yana goge wajen da ya riga ya goge sau uku. Mai awon ta auna har jikin madubi, ta rubuta, ta rufe littafinta.

"Shi ke nan?" in ji manaja.

"Shi ke nan. Takarda ba ta yi ƙarya ba."

Wata cikin 'yan matan turare ta fashe da kuka. Baba Tayil ya ce wa ransa, yi shiru, tsoho, wa ya tambaye ka? Ba ƙarya ka yi ba. Ya ɗaga kai, sai ya ga kansa a madubin, ga telan tsaye a bayansa, allurar na nan a bakinsa.

Ya kashe injin.

"Ranki ya daɗe, ba ki gama ba."

Manaja ya zaro ido. "Baba, don Allah ba yanzu ba."

"Yallaɓai, yanzu ne." Ya taka ya ƙwanƙwasa gefen madubin, wajen ya amsa kamar ganga. "Wannan ba bango ba ne. Akwai tayil ɗari huɗu a baya. Ashirin ta nan, ashirin ta can."

Aka kira kafinta. Da katakon ya faɗi, ƙura ta tashi, ga fili nan shimfiɗe. Mai awon ta haska, ta duba lambar, ta dubi tsohon ta saman tabarau. "Ashirin da ashirin," ta ce, ta soke abin da ta rubuta.

Wayyo murna! Tela ya rungume shi, manaja har da cewa a ɗauke su hoto. Shi dai ya zame ya shige ɗakin ajiye tsintsiya, ya zauna a kan bokiti. Wayarsa ta yi ƙara. Auta ce.

"Baba, an ce yau ake awonku. Kada ka sa komai a ranka, ka ji? Na kwashe kayan yara daga ƙaramin ɗaki, na sa labule. In sun rufe, ka taho wurina kawai."

Ya jawo tsumman da ke rataye a kafaɗarsa.

"Baba? Kana ji na?"

"Ina ji, uwata." Ya share ido da tsumman goge gilashi. "Ki cire labulen ki ninke shi. Naku reshen za a rufe, ku za ku taho. Ni zan gyara muku nawa ɗakin."