Ragon da na saya da araha

Shekarar da Nasara sunka kwashe samari zuwa haƙar kuza, yayana na cikin waɗanda anka ɗiba daga Wurno. Babanmu ya riga ya rasu, gida ya dawo kaina. Waccan layya ba mu yanka ko zakara ba. Inna, wadda idonta ya tafi tun tuni, ta zauna bakin ɗaki tana shaƙar hayaƙin suyar maƙwabta. Ba ta yi mini gori ba. Cewa kawai ta yi, tun da anka kawo ta gidan nan ba a taɓa tsallake layya ba, kuma tana so ta ga ta baɗi ko da hannu ne, don ba ta jin za ta kai ta gaba.

Ni kuwa na yi shekara ukku a elemantare, allona ma ban kai rabi ba anka cire ni, amma ina ganin duk unguwa ba mai wayona. Na lura mutane sai watan salla ya kama suke rugawa kasuwa, dillalai su yanke su. Na ce ni ba da ni ba. Tun watan azumin tsofaffi, lokacin da Fulani ke zubar da ƙananan dabbobi don biyan jangali, na taka zuwa kasuwar Gandi. Can na ga wani farin rago mai ƙashi, kunnensa na hagu a yage, kare ya kama shi tun yana ƙarami. Mai shi ya faɗi kuɗi, na nuna kunnen, ya rage. Na sake nunawa, ya sake ragewa. Na jawo igiya ina yi masa dariya a zuci.

Wata biyar ina bautar ragon nan. Harawar da na yi niyyar saidawa shi ya cinye ta. Dusa, ƙaiƙayi, kanwa, har ruwan tsarin da matata ke ajewa. Ya yi ƙiba har wuyansa na ninkewa. Duk wanda ya zo gaida Inna sai na kai shi turke, ina ba shi labarin yadda ake sayen rago.

Saura kwana huɗu salla Baffa ya zo daga Rabah, ƙanen babanmu ne, malami, ba ya da yawan magana. Na kai shi turke. Bai dubi ƙibar ba. Ya kama kunnen ya shimfiɗa a tafin hannunsa, ya auna da yatsu, ya sake aunawa.

"Ɗana, wa ya raka ka kasuwa?"

Na ce ni kaɗai.

"Na gani. Yagar ta wuce sulusin kunne. Wanga nama na, ba layya ba."

Na ce ai tsohon rauni ne, ya warke. Ya ce ko a cikin uwarsa ya same shi, hukuncin ɗaya ne, kuma da na zauna gaban allo shekara guda kacal bayan wadda na yi, da na ji wannan.

Washegari na ja ragon zuwa Goronyo in musanya. Ashe abin da ban sani ba, kowane ɗan kasuwa ya sani. Mai saye zai taho da fara'a, ya kai hannu ga kunne, ya wuce. Wani dillali ya ce in bari har bayan salla, masu suna ba su duba kunne. Mahauta kaɗai sunka taya, abin da sunka taya kuwa ko tunkiya mai lafiya ba zai saya ba a wannan mako. Na dawo da shi a ƙasa, rana na dukanmu, shi yana haki ni ina haki.

Na roƙi Baffa kada ya faɗa wa Inna. Ya ce shi ba zai faɗa ba, ba zai kuma riƙe mini ƙafar ragon ba.

Ranar salla, da munka sauko idi, Inna ta ce a kawo mata shi ta shafa kafin a yanka. Ta bi bayansa da hannu, ta yaba. Ta shafa ƙaho. Sannan hannunta ya sauka ga kunnen, ya tsaya. Ta bi yagar da ɗan yatsa tun daga baki har inda ta ƙare.

"Babanka kunne shika fara dubawa," ta ce. "Yanka abinka, yara su ci."

Al'adarta ce ranar layya ba ta sa komi a baki sai hantar ragon gida. Na gasa hantar da kaina na kai mata. Ta ce in ba jikokinta, ta kira matata ta dama mata fura.

Da damina ta faɗi munka kai ta makwancinta. Yanzu kowace shekara ragona shi ne na farko a unguwa wajen tsada, sai ana jajibiri nake saye, dillalai na murna da ganina. Su yi ta yi. Matata ta daina tambayata mi ya sa ba ni taɓa hanta.